Tsohon dam na ƙasa da ke shayar da gari: a ɗaga shi ko a fara da gyara?

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar injiniyoyi da ma'aikatan ruwa da ke wannan zaure game da wani tsohon dam da ake shirin gyarawa. Dam ne na ƙasa mai zuciyar yumɓu a tsakiya, ya haura shekara 50 da ginawa. Tsayinsa mita 24, tsawon bangon mita 900. A takardun gini an ce yana ɗaukar kubik mita miliyan 60, faɗin tafkin idan ya cika kusan murabba'in kilomita 9. Magudanar rarar ruwa ta kankare ce, ba ta da ƙofa, faɗinta mita 60, kuma a zane tazarar bakinta da saman bango mita 4 ce. Bututun ƙarfe ɗaya tak ke ratsa ƙarƙashin bango ya kai ruwa matatar gari, bawul ɗinsa yana can bayan dam.

Ga abin da ido ke gani yanzu. Akwai wuri a gindin bango ta baya da ba ya bushewa ko da tsakiyar rani, ciyawarsa kore shar. Saman bango ya lotsa kamar santimita 40 a tsakiya. Kankaren magudana ya tsattsage, har ciyawa ta fito a mahaɗai. Akwai itatuwa da gidajen gara a gangaren baya. Garin da ke ƙasa da dam ɗin ya kai mutum 600,000, ruwa kuma ba ya kai su ƙarshen rani.

Shawarar da aka fi karkata gare ta ita ce a ɗaga bakin magudana da mita 1.5 don tafkin ya ƙara riƙe ruwa. Shin wannan daidai ne a dam mai irin waɗannan alamu? In ba haka ba, da me za a fara, kuma yaya za a yi aikin ba tare da an yanke wa gari ruwa ba?

Inj_Ambaliya:

Wa alaikumus salam. Malam Baban Ilham, kada a taɓa bakin magudanar nan sai an yi lissafi, lissafin kuma da alƙalumanka ma ya isa ya nuna matsalar.

Ruwan da magudana mara ƙofa ke fitarwa a daƙiƙa shi ne C × L × H^1.5. L faɗinta, H zurfin ruwan da ke bisa bakinta, C kuwa kusan 2 ne in bakin mai kewayayyen doro ne. Tazarar da kuke da ita yau mita 3.6 ce, tunda bango ya lotsa. Cire aƙalla mita 1 na igiyar ruwa, don tafki mai wannan faɗin iska tana tada shi sosai, saura 2.6. Wato magudanar tana iya fitar da kusan kubik mita 500 a daƙiƙa kafin a shiga haɗari. Ɗaga bakin da mita 1.5, saura 1.1, abin da za ta fitar ya dawo 140 ko ƙasa da haka. Ko ruwa ya kai har saman bango, 365 ne kawai. An sayi ruwan sha da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin magudana ke nan. Bangon ƙasa kuwa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa: zaizaya tana farawa daga gangaren baya tana cin bango tana dawowa sama, cikin sa'o'i kaɗan ta buɗe gibi.

Sannan ita kanta 500 ɗin ba a san ko ta isa ba. Waɗanda suka zana dam shekara 50 baya galibi da bayanan ruwan sama na 'yan shekaru suka yi aiki, kuma a lokacin wataƙila gonaki ne a ƙasa da dam, yau gidaje ne. Dam da ke bisa gari ana auna shi da ambaliyar sau ɗaya a shekara 10,000, ko ma mafi girman ambaliyar da ka iya aukuwa a wannan kwarin. A sake lissafin da duk bayanan da suka taru, a bi da ambaliyar ta cikin tafkin a ga nawa zai shanye, nawa zai fita. A ce an sami 900 a daƙiƙa: magudana mai faɗin mita 60 tana buƙatar zurfin mita 3.8 kafin ta fitar da shi, ya wuce saman bangonku na yau. In kuma ana so a tsaya a 2.6, sai faɗin ya kai mita 107.

Hanyoyin ƙara ƙarfi sanannu ne. In akwai fili a gefen da dutse yake, a faɗaɗa. In akwai wata kwarya a gefen tafki nesa da bango, a yanka magudana ta biyu a ƙasar asali. In wuri ya matse, a mayar da bakin mai zigzag, wanda ke cusa tsawon baki ninki uku ko huɗu cikin faɗi ɗaya, ko irin wanda ake kira makullan fiyano, da aka fara ginawa a dam ɗin Goulours na Faransa a 2006. Amfaninsu yana raguwa idan zurfin ruwa ya haura kusan rabin tsayin bangon bakin, kuma hanyar da ke ƙasa da kwamin kashe ƙarfin ruwa dole su ma su iya ɗaukar ƙarin. Akwai kuma ƙofofin da ke kifewa da kansu ɗaya bayan ɗaya idan ambaliya ta kai wani mataki.

Tsagar kankaren nan kada a ɗauke ta aikin fenti. Dam ɗin Oroville na Kalifoniya a Amurka a Fabrairun 2017 da na Toddbrook a Ingila a Agustan 2019 ciwo ɗaya ya kama su: ruwa mai gudu ya kutsa ta tsaga da mahaɗai, ya taru a ƙarƙashin kankare, ya ɗaga shi. A Oroville sai da aka kwashe mutum kusan 188,000. A bi kankaren da guduma ko a ja sarƙa a kai, inda ya yi amon ganga akwai rami a ƙasa. A huda a ciro samfuri a ga kauri da halin rodi, a tura kyamara cikin bututun tsane ruwa na ƙarƙashi. Inda za a sake zubawa, a cire ruɓaɓɓen dutse har a kai mai ƙarfi, a dasa rodi na milimita 25 zuwa 32 cikin dutse zurfin mita 3 zuwa 5, a sa robar hana yoyo a kowace mahaɗa, kuma faifan ƙasa ya ɗan fi na samansa nitsewa, kamar santimita 1, don kada leɓensa ya tari ruwa.

Mai_Gwajin_Ƙasa:

Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, sai dai ni abin da ya fi tsaya min a rai bututun nan ne da jiƙaƙƙen wurin. Ambaliya tana jiran damina. Zaizayar cikin bango ba ta jiran kowa, kuma a tarihin ɓallewar madatsun ƙasa ita da tsallakewar ruwa kusan raba daidai suka yi.

Kowane dam na ƙasa yana naso. Tambayar ita ce nawa ne, yana ƙaruwa ko a'a, kuma yana fita da ƙasa ko ruwa ne zalla. Don haka aikin wannan makon: a share ciyawar wurin, a tara ruwan a ƙaramar kwata, a sa masa faifan ƙarfe mai yankan V na digiri 90. Zurfin santimita 10 a kan yankan kusan lita 4.4 ne a daƙiƙa, santimita 20 kusan lita 25. A karanta kullum a lokaci ɗaya, a rubuta tare da matakin tafki da ruwan saman da aka yi. A ɗebi ruwan a farar kwalba a ajiye kwana ɗaya a ga ko wani abu zai kwanta. Naso da ke hawa da sauka tare da tafki, hali ne na dam. Naso da ke ƙaruwa alhali tafki yana tsaye, ko ya fara gurɓata, ko aka ga yashi yana ɓuɓɓugowa yana yin zobe, to a fara rage ruwa a ranar, ba sai an jira taro ba.

Bayan nan a sa fizomita, na'urar auna matsin ruwa a cikin ƙasa, a layi uku ko huɗu da ke ratsa bango, ɗaya ta kan lotsawar, ɗaya kusa da bututu. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi: a ɗauko mai haƙa rijiyar burtsatse da injin iska ya huda bango. Iska ko ruwa mai matsi yana tsaga zuciyar yumɓu. A jikin dam da busasshen haƙa ake yi, mai murɗa ko mai girgiza. Daga ramukan ne za a ciro samfuri a san ainihin abin da aka gina da shi, a kuma gano inda zuciyar yumɓun ta ƙare a sama. Wannan yana da nasaba da batun ɗagawa: in zuciyar ta lotsa tare da bango, ko samanta ya bushe ya tsage shekara da shekaru, ƙarin mita 1.5 zai kai ruwa inda bai taɓa zama ba.

Maganin naso a tsohon dam galibi ba toshewa ba ne, tacewa ce: a bar ruwa ya fita, a hana shi ɗaukar ƙasa. Ana rage tafki, a kankare saman gangaren baya kamar santimita 30, a yi shi yanki yanki na mita 10 zuwa 15, kada a buɗe gindin bango gaba ɗaya. A shimfiɗa wankakken yashi kaurin aƙalla rabin mita, tsakuwa a bayansa, bututu mai huji na milimita 200 zuwa 300 a cikin tsakuwar da rijiyar dubawa duk mita 50 zuwa 100, sannan a danne da tulin ƙasa da zai yi wa bango tokara. Girman yashin ba da ido ake zaɓa ba. Ƙa'idar Terzaghi: girman ƙwayar da kashi 15 na yashin ya fi ta ƙanƙanta kada ya wuce ninki 4 zuwa 5 na girman da kashi 85 na ƙasar bango ya fi shi ƙanƙanta. Ga ƙasa mai yumɓu wannan yakan tsaya a milimita 0.7 ko ƙasa da haka. Ƙurar da ke cikin yashin, wadda ke wuce rariyar milimita 0.075, kada ta haura kashi 5, in ta fi haka yashin kansa zai iya riƙe tsaga. Ƙyallen tacewa na roba yana da sauƙin shimfiɗawa, amma ban yarda a binne shi inda ba za a iya tonowa ba, yana toshewa. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne ma'aunin aminci na gangaren baya, wato ninkin da ƙarfin da ke riƙe shi ya yi wa ƙarfin da ke neman zame da shi, ya kai 1.5 idan tafki ya cika.

Bututun kuwa, tunda bawul yana baya, duk tsawonsa cike yake da matsin tafki, kusan 2 a ma'aunin matsi da ake kira "ba" (bar), dare da rana, a ƙarƙashin bango. Ƙarfe mai shekara 50 in ya yi huji ko mahaɗa ta saki, ruwa mai matsi yake fesawa cikin ƙasar bango, kuma ba abin da za a rufe. Dam ɗin Lawn Lake a Kolorado ta Amurka ya ɓalle a 1982, binciken ya ɗora laifin kan lalacewar dalmar da aka liƙe mahaɗar bututu da bawul da ita. Gyara: a sa ƙofa ko bawul ta gefen tafki, a zuƙe bututun, a tura kyamara, a auna kaurin ƙarfe. In siffarsa ba ta lalace ba, a zura bututun roba mai ƙarfi, wanda ake kira HDPE, a ciki, a cika tsakaninsu da ruwan siminti mataki mataki, sabon bututun yana cike da ruwa don kada ya taso ko ya lotse. Ta baya a kewaye bututun da katangar yashin tacewa mai kaurin kusan mita 1, ta miƙa ninki 3 na faɗin bututu hagu da dama da sama, ninki ɗaya da rabi ƙasa. In ya lalace da yawa, a cike shi da kankare a manta da shi, a yi sabuwar hanya ta cikin dutsen gefe.

Itatuwa ƙanana a sare. Manya sai an tono kututture da saiwa, a cike ramin da yashin tacewa da dannanniyar ƙasa, domin saiwar da aka bari ta ruɓe hanyar ruwa ce. Gidan gara ma haka, a bi shi har ƙarshe.

Baban_Ilham:

Allah ya saka da alheri. Ruwan da ke fita a wurin garau yake a ido. Kuma akwai masu cewa a huda daga saman bango a ɗura siminti ya toshe yoyon gaba ɗaya, wai ya fi sauri kuma ba sai an rage tafki ba. Me za ku ce?

Mai_Gwajin_Ƙasa:

Garau ɗin alama ce mai kyau, amma ciyawa da laka suna tace ruwa kafin ido ya gan shi, shi ya sa na ce a share a tara shi wuri ɗaya. A kuma yi wani ɗan gwaji mai arha: a jefa gutsuren ƙasar bango kamar girman ƙwayar wake cikin kofin tataccen ruwa, kada a motsa. In hazo ya kewaye shi cikin minti goma, yumɓun mai narkewa ne, irin wanda ruwa ke ɗauka ko ba gudu, kuma tacewa ta zama dole.

Ɗurin siminti na dutsen ƙarƙashi ne, ba na jikin bango ba. A cikin ƙasa simintin ba ya shiga ƙananan ƙofofi, sai dai matsin ya tsaga ta, ya bar tauraron abu mai ƙarfi a cikin abu mai motsi. In bincike ya nuna ta tsagar dutse ruwan ke bi, to a sa bututun kariya ta cikin bango har a kai dutse, a yi gwajin Lujiyon na yawan ruwan da dutsen ke sha, Lujiyon 1 shi ne lita 1 a minti a kowace mita ta rami a matsin ba 10. A huda ramukan ɗuri na farko tazarar mita 6 zuwa 12, na biyu a tsakaninsu, na uku a tsakanin waɗannan, har shan siminti ya ragu, a sauko Lujiyon 3 ko ƙasa. Dam ɗin Teton a Idaho ta Amurka ya ɓalle ranar 5 ga Yunin 1976 a cikarsa ta farko duk da ɗurin da aka yi masa, domin ƙasar zuciyarsa mai saurin zaizaya tana manne da tsagaggen dutse ba yashin tacewa a tsakani. Dam ɗin Wolf Creek a Kentaki ta Amurka, da ke kan dutsen farar ƙasa mai koguna, an yi masa ɗuri, an yi katanga a shekarun 1970, sai da aka sake wata mai zurfi da aka gama a 2013. In zuciyar yumɓun ce ta lalace, maganinta katangar kankare mai laushi da aka haɗa da bentonayit, wani yumɓu mai kumbura a ruwa, kaurin santimita 60 zuwa 100, daga sama har cikin dutse. Aiki ne mai tsada na ƙwararrun kamfanoni, kuma ko an yi shi ba ya ɗauke buƙatar matatar yashi ta bayan bango.

Umm_Safiyya:

'Yan'uwa sun yi maganar bango, bari in taɓa ta ruwan, don ba a ma tabbatar ɗagawar za ta kawo abin da ake zato ba.

Mutum 600,000 a lita 120 kowanne kubik mita 72,000 ne a rana. In kashi 35 na ruwan yana zubewa a tsofaffin bututun gari, wanda ba baƙon abu ba ne, sai an tura kusan 111,000 kafin 72,000 ɗin su isa. Miliyan 40 ke nan a shekara, ban da abin da matata ke ci wajen wanke kanta. Tafkin kuma ba miliyan 60 ba ne yanzu. A duniya tafkuna suna rasa kusan rabin kashi zuwa kashi 1 na cikinsu duk shekara ga laka, wanda a shekara 50 zai bar muku tsakanin miliyan 30 da 45. A auna da kwalekwale da na'urar sauti mai gwada zurfi, aikin 'yan makonni ne, a zana sabon jadawalin mataki da yawan ruwa. Rana ma tana shan nata: a yanki mai zafi, milimita 6 a rana a kan murabba'in kilomita 9 kubik mita 54,000 ne, rabin abin da gari ke ɗiba.

Ɗaga mita 1.5 zai ba da kusan miliyan 13 da rabi, amma sai a shekarar da kogi ya kawo ruwan da zai cika shi. Malam, a buɗe littafin dam a ƙirga shekara nawa cikin 20 da suka wuce ruwa ya tsallake magudana. In kusan duk shekara ne, ɗagawa tana da ma'ana. In sau uku ko huɗu ne, matsalarku ƙarancin ruwan shigowa ce, ƙarin tsayi ba zai haifar da ko ɗigo ba. Rage zubewa daga kashi 35 zuwa 20 kuwa yana ceto kubik mita 21,000 a rana, sama da miliyan 7 da rabi a shekara, har a shekarar fari, kuma ruwa ne da an riga an tace shi.

Yashe laka da injin ban cika ba da shawararsa ba sai kewayen wurin ɗiba. Miliyan 15 na laka tifa sama da miliyan ɗaya ce, ina za a zuba? Abin da ya fi shi a tare lakar tun daga sama da ƙananan shingaye da dashen itatuwa a bakin rafuka, a kuma samar da babbar ƙofar ƙasa da za a buɗe lokacin da ruwan farko mai laka ke shigowa.

Tunda za a yi sabuwar ƙofa ta gefen tafki, a yi hasumiyar ɗiba mai baki uku ko huɗu, tazarar mita 4 zuwa 5. Tafki mai zurfin mita 20 yana rabuwa hawa hawa lokacin zafi. Na ƙasa iskarsa tana ƙarewa, ƙarfe da manganis su narke a ciki, ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na can sama kuma gansakuka. Mai baki ɗaya a ƙasa shi ke samun ruwa mai launin ja da baƙin tabo a tufafi, ƙarfe in ya wuce miligiram 0.3 a lita ya fara ɓata wanki. Da baki da yawa sai a ɗibi na mita 3 zuwa 5 ƙasa da fuska, a bi tafki yana sauka. A kuma san ƙarshen tafki ba duka yake ɗebuwa ba. A farin Kef Tawun na 2018 kashi 10 na ƙarshe na madatsunsu ba a lissafa shi cikin ruwan da ake da shi, saboda wuyar ɗebowa. Lokacin aikin ma a sanar da matata tun da wuri, laka za ta ƙaru, za su buƙaci ƙarin alam da gwajin kwalba kullum don sanin yawan alam ɗin da za a zuba.

Sufabaiza_Fili:

Hajiya ta gama magana kan littafin dam. Ni zan ƙara yadda ake jera aikin a fili, don a nan ake ɓata kyakkyawan zane.

Matakin farko ba ya buƙatar ɗan kwangila: a ƙayyade wa tafki matakin da ba zai wuce ba har a gama bincike, a cike lotsawar saman bango, a jibge yashi da tsakuwa tifa ɗari ko fiye kusa da gindin dam don ranar gaggawa, a zana taswirar inda ruwa zai bi in ya ɓalle, da sunan wanda ke da ikon cewa a kwashe mutane. A Derna ta Libiya madatsu biyu ne na shekarun 1970 suka ɓalle cikin dare a Satumbar 2023, gari yana barci a ƙasa da su.

Rage tafki a yi shi a hankali, kada ya wuce santimita 30 a rana sai in lissafi ya ba da dama. Ruwan da ke cikin bango ba ya fita da saurin na tafki, in aka janye tokarar ruwa kwatsam gangaren gaba yana zabtarewa. Don gari kada ya rasa ruwa lokacin da aka rufe bututu, a ɗora famfuna kan kwalekwalen ƙarfe, biyu suna aiki ɗaya yana jira, da janareta nasu, bututun ya bi ta gefen dam ko ta kan magudana, kada a yanka bango don shi. Bututun zuƙo mara famfo ma yana yi, amma da zarar tazarar fuskar ruwa da ƙololuwar bututun ta wuce mita 6 zuwa 7 sai ya yanke. A gwada wannan hanyar mako biyu cur kafin a taɓa tsohon bututu.

Rani na farko bututu da matatar baya. Rani na biyu magudana, rabi rabi, ta yadda kafin ruwan farko ya sauka akwai hanya a buɗe. A nan na ɗan saba da Injiniya kan ƙofofin da ke kifewa: suna aiki, amma wadda ta kife ta tafi da ruwan da ke bayanta, sai an sayo wata, inda kuma kuɗin kula ke wuyar fitowa sai gurbin ya shekara a buɗe. Bakin zigzag na kankare ba ya neman kowa.

In bayan wannan duka lissafin Hajiya ya nuna ɗagawa tana da riba, ana yi, an yi wa dam ɗin Roseires na Sudan ƙarin mita 10 da aka gama a 2013. Amma bango ake ɗagawa tare da bakin, daga gefen baya, a kan tokarar da aka riga aka gina. A yanka matakala a tsohon gangare don sabuwar ƙasa ta kama, a haɗa sabon yumɓu da tsohuwar zuciya bayan an kankare busasshen samanta. Shimfiɗa santimita 15 zuwa 20 bayan dannewa, rola mai ƙafar tunkiya, danshi daidai da na gwajin Furokta, wanda ke nuna danshin da ƙasa ta fi dannuwa a kansa, ko sama da shi da kashi 2, nauyi kashi 95 zuwa 98 na mafi girman da gwajin ya bayar, gwaji a kowace shimfiɗa. Kusa da bangon kankare da bututu da ƙaramin inji ake dannawa a shimfiɗar santimita 10, nan ne direban rola ke tsallakewa. A bar doro a tsakiya na kashi 1 zuwa 2 na sabon tsayin saboda lotsawa. Katangar kankare ta mita 1 a saman bango tana tare igiya kaɗai, ba a lissafa ta wajen riƙe tsayayyen ruwa sai in an dasa ta cikin zuciyar yumɓu.

Cikawa bayan gyara a ɗauke ta kamar cikar farko. Duk rabin mita da aka hau sama da tsohon mataki a tsaya mako guda, a karanta fizomita da faifan V safe da yamma, mutum biyu su taka gindin bango daga wannan gefe zuwa wancan kafin a ba da izinin rabin mita na gaba.